Tarihi Daga Kan Jirgin Ruwa: Nazarin Littafin Amelia Edwards Da Balaguron Kogin Nilu Na Yau

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji, kuma a kan wannan magana ne mu malaman tarihi muka kafa al'adar kwasar ɗalibai zuwa ziyarar ilmi, don su gani da idonsu abin da muka daɗe muna karanta musu a aji. Manufar wannan takarda ita ce ta auna ƙarfin wannan magana, ta hanyar duba wata irin tafiya wadda tun asali an shirya ta ne da sunan koyon tarihi da al'adu, watau balaguron hutu da masu yawon buɗe ido kan yi cikin jirgin ruwa a Kogin Nilu, tsakanin Luksor da Aswan, a kudancin ƙasar Masar. Abin da nake so in nuna shi ne, wannan tafiya tana da zubi da jigo da taurari kamar yadda ƙagaggen labari yake da su, kuma matafiyan Turai na ƙarni na 19 ne suka tsara mata su. Wanda ya hau jirgin a yau yakan ga abin da su suka zaɓa a gani, ya wuce abin da suka wuce.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, zan ɗora ta a kan littafi guda, watau A Thousand Miles up the Nile na Amelia Edwards, wanda aka buga a 1877, ma'anar sunansa kuwa tafiyar mil dubu a kan Kogin Nilu. Zan riƙa gwama abin da ke cikinsa da tsarin tafiyar ta yau, wadda ni ma Allah ya nufe ni da yin ta, kwana 4 daga Luksor zuwa Aswan, a ƙarshen 2022. Ba na da'awar cewa wannan mata ita kaɗai ta shata hanyar. Littattafan jagora na Ingilishi da na Jamusanci sun taka tasu rawar, haka ma kamfanin Thomas Cook wanda ya fara kai ayarin baƙi kogin cikin jiragen hayaƙi a 1869. Sai dai a cikin littafinta ne tunanin da ya haifi tafiyar ya fi fitowa fili, da alherinsa da aibinsa.

2.0 Marubuciyar Da Tafiyarta

An haifi Amelia Edwards a Landan a 1831, ta rasu a 1892. Kafin ta je Masar ta riga ta yi suna a rubutun ƙagaggun labarai, kuma hannun maƙagiya yana nan a kowane babi na littafin. Ta sauka Alƙahira a ƙarshen 1873 tare da wata ƙawarta, suka haɗu da waɗansu Turawa suka yi hayar irin jirgin da Misirawa ke kira dahabiyya, jirgi mai ɗakunan kwana wanda iska ke turawa ta hanyar manyan ƙyallaye. Suka bi kogin kudu har Wadi Halfa, a cikin ƙasar Sudan ta yanzu, sannan suka juyo a 1874. Tafiyar ta canza mata rayuwa. A 1882 tana cikin waɗanda suka kafa asusun binciken kufai na Masar a Landan, da za ta rasu kuma ta bar dukiya don a kafa kujerar farfesa ta ilmin tsohuwar Masar a Jami'ar Landan, wadda Flinders Petrie ya fara hawa.

Akwai abin ban dariya a nan. Ita da kanta ta nuna yadda masu dahabiyya ke raina fasinjojin Cook, waɗanda ake kora daga wannan kufai zuwa wancan bisa agogo. Amma jirgin hayaƙin ne ya yi nasara, kuma shi ya ɗauki irin karatun da ta yi wa kogin ya sayar wa jama'a a farashi mai sauƙi. Abin da ta yi cikin watanni, shi ake yi yanzu cikin kwana 3 ko 4.

3.0 Zubi Da Tsari

Wuri mafi ƙarfi a tunanin Edwards shi ne inda ta yi magana a kan tsarin ziyara. Ruwan Nilu arewa yake gangarawa, iska kuwa galibin shekara daga arewa take kaɗawa zuwa kudu. Saboda haka al'adar matuƙa ita ce su ci moriyar iska su haura kudu ba tsayawa, sai a kan hanyar dawowa, lokacin da ruwa ke ɗauke da jirgi, a riƙa sauka ana kallon kufai. Edwards ta ƙi wannan. Hujjarta ita ce tarihin Masar yana tafiya ne kishiyar ruwa: dalar Giza da ta Saƙƙara, waɗanda su ne mafi tsufa, suna arewa, kaburburan Bani Hasan na daular tsakiya suna biye, sai Luksor ta sabuwar daula, sai gine-ginen zamanin Girkawa da Rumawa can kudu. Wanda ya fara kallo daga kudu, in ji ta, ya fara karatun littafi ne daga shafin ƙarshe.

Wannan lura ce ta malama, kuma duk mai koyar da tarihi zai yaba mata. Ta gane cewa jerin da aka bi wajen nuna wa mutum abubuwa shi ne darasin da zai tafi da shi. Amma ƙa'idar tata ba ta cika ba. Abu Simbel, wanda ya fi kowane wuri burge ta, yana can ƙuryar kudu, alhali Ramsis na 2 ya sassaƙa shi tun ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa, fiye da shekara 1,000 kafin a aza harsashin gidan bauta na Idfu da ke arewa da shi. Tsibirin da ke gaban Aswan kuma gari ne tun farkon daulolin Fir'aunoni. Ashe kogin bai jera tarihi ba. Marubuciyar ce ta so ya jera, don labarinta ya sami farko da tsakiya da ƙarshe.

Tafiyar yau ta gaji wannan zubi, amma guntulalle. An yanke rabin arewa gaba ɗaya. Doguwar tafiya daga Alƙahira ta tsaya a shekarun 1990 saboda matsalar tsaro, kuma ko da aka maido ta a 2012, mafi yawan jiragen sun ci gaba da zirga-zirga tsakanin Luksor da Aswan, tazarar da ta ɗan haura kilomita 200. Sai ya zamana baƙo yana farawa da Karnak, wurin da aka yi kusan shekara 2,000 ana gini a kan gini, ya haye yamma ya ga kaburburan sarakunan sabuwar daula, washegari da asuba a ɗora shi a keken doki zuwa Idfu, da yamma ya sauka Kom Ombo, kashegari ya ga madatsar ruwa ta Aswan da gidan bauta na Fila. A nan ya kamata mu lura da abu guda wanda ɗan jagora yakan faɗa da sauri ya wuce. An fara gina Idfu a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, aka gama a ta 57, a ƙarƙashin sarakuna Girkawa zuriyar Batlamiyus. Kom Ombo da Isna da mafi yawan Fila duk na zamanin Girkawa da Rumawa ne. Tsakanin babbar dalar Giza da kammala Idfu akwai kimanin shekara 2,500, watau tazarar ta fi wadda ke tsakanin Idfu da mu da muke zaune a wannan zaure. Duk da haka, da na tambayi abokan teburina a daren ƙarshe abin da suka gani, amsar ɗaya ce: gidajen Fir'auna. Kwana 4 sun narkar da shekaru dubbai sun mai da su zamani guda marar motsi.

4.0 Taurarin Labarin

In muka tambayi su wane ne taurarin littafin Edwards, amsar ita ce matattu. Ramsis na 2 shi ne babban tauraro. Ta ware masa babi guda, ta yi ta nazarin fuskarsa kamar mai neman sanin halin wanda za ta aura. Akwai wani labari a littafin da ya isa misali. Ta tarar da fuskar ɗaya daga cikin manyan gumakan nan huɗu na Abu Simbel da ɗigo-ɗigon farar ƙasa, saura daga aikin wani Bature da ya kwafi siffar fuskar shekaru da dama kafin zuwanta. Abin ya dame ta. Sai ta sa ma'aikatan jirgi suka ɗaure itatuwa da sandunan tuƙi suka hau, suka kankare abin da zai kankaru, sauran kuma suka rine shi da ruwan gahawa don ya saje da launin dutsen.

Su waɗannan ma'aikata fa? Adalci ya sa in ce ba ta shafe su ba. Ta ambaci sarkin jirgin, Rayis Hasan, da girmamawa. Ta bayyana yadda matuƙan kan sauka gaɓa su ja jirgin da igiya yini guda in iska ta ɗauke, da yadda akan tsaya musu a Isna su toya gurasarsu, su yanka ta su shanya a rana, daga baya su riƙa jiƙa ta suna ci da miyar adas. Mai neman sanin rayuwar talakan kogi a zamanin Khidiwi Isma'ila zai sami abin tsinta a waɗannan shafuka fiye da yadda zai samu a littattafan masana da yawa. Amma idon da take kallonsu da shi idon uwargijiya ne mai kallon yaran gida masu biyayya. Mutanen ƙauyukan gaɓa kuwa, ba su cika fitowa ba sai a matsayin ƙazanta da ƙudaje da roƙon kyauta.

Wurin da wannan ya fi muni shi ne labarin harbin nan na kusa da Aswan. Wani daga cikin Turawan jirgin ya fita harbin tsuntsaye, harsashi ya sami wani ƙaramin yaro, mutanen ƙauyen suka taso masa. Raunin yaron bai yi tsanani ba. Amma Turawan ne suka kai ƙara wurin hukuma, kuma mutanen ƙauyen ne aka kamo aka yi wa bulala a tafin ƙafa. Edwards ta ba da labarin da gwaninta, har da ɗan raha, ba tare da ta tsaya ta tambayi kanta wa ya cuci wani ba. Marubuciyar da farar ƙasa a kumatun gunki ta hana sukuni, ita ce wannan. Haka kuma ta yi ta kuka da yadda ake wawashe kaburbura, alhali ita ma tana sayen kayan da aka tono. Har ta ba da labarin waɗansu ƙawayenta na wani jirgin da suka sayi naɗaɗɗiyar gawa ta mutanen da, da warinta ya ishe su suka jefa ta kogi.

Wannan fifiko na matattu a kan rayayyu bai tsaya a takarda ba. A tsakiyar ƙarni na 19 akwai gidajen mutane a kan rufin gidan bauta na Idfu, sai da Bafaranshen nan Mariette, wanda ya kafa hukumar kayan tarihi ta Masar a 1858, ya rushe su. A lokacin da Edwards ta zo Luksor, gari ne sosai a cikin gidan bautar, da gidaje da akurkin tattabaru. A shekarun 1880 aka fara tashinsu. A 2006 da 2007 an kwashe mutanen Ƙurna daga kan tudun kaburbura na yammacin Luksor aka rushe gidajensu, kuma kafin a buɗe hanyar gumaka mai tsawon kusan kilomita 3 tsakanin Karnak da Luksor a 2021, an sake rushe waɗansu unguwanni. Ba na cewa babu hujja ko kaɗan. Zaman mutane a kan kabari mai zane yana lalata shi. Abin da nake cewa shi ne, shirun nan da tsabtar nan da baƙo ke tararwa, har ya ji kamar ya koma zamanin da, aiki ne na shekara 160, kuma ba a gaya masa.

5.0 Isna

A kan wannan gari zan ɗan daɗe, domin a nan ne giɓin ya fi bayyana gare ni.

Isna tana kimanin kilomita 55 kudu da Luksor. Akwai madatsar ruwa a wurin, don haka dole kowane jirgi ya bi layi ya shiga wani ɗaki na ruwa mai ƙofofi, a rufe, a cika shi har jirgin ya ɗaga ya daidaita da ruwan gaba. Namu ya yi awoyi yana jira. A wannan lokaci ne 'yan kasuwa kan zo cikin ƙananan kwale-kwale, su ɗaure a jikin jirgin, su riƙa cilla riguna da mayafan tebur cikin leda har saman bene, ana ciniki da ihu, wanda ya saya ya sa kuɗi a leda ya jefo. Ga mafi yawan fasinjoji wannan ita ce Isna. Jiragen da ke tsayawa kuwa, gidan bauta na Khanum suke kai mutane, wani zaure mai ginshiƙai 24 wanda ke cikin rami kimanin mita 9 ƙasa da titin gari. Wuri ne mai kyau ƙwarai, musamman tun da aka fara wanke baƙin hayaƙin da ya rufe zanensa a 2018.

Amma wannan mita 9 ɗin mene ne? Ƙasa ce da ta taru daga zaman mutane na kusan shekara 2,000, gida a kan gida. Baƙo yakan sauka matakala ya ratsa ta cikin minti ɗaya. A cikin waɗannan shekaru ne garin ya zama na Kiristoci Kibɗawa, sannan na Musulmi bayan Amru ɗan Asi ya ci Masar tsakanin 639 da 642. 'Yan taku kaɗan daga ramin akwai hasumiyar masallaci ta zamanin Faɗimawa, ta ƙarni na 11, da kuma masaukin fatake na Jiddawi na ƙarni na 18, inda ayarin da ke fitowa daga Sudan kan sauke kaya. A wannan gari aka haifi Ibn Hajib wajen 1174, wanda ya tashi a Alƙahira ya rasu a Iskandariyya a 1249, mai Kafiya a nahawu da Shafiya a sarfu, mai kuma taƙaitaccen littafin fiƙihun Malikiyya wanda Shaihu Halil ya yi wa sharhi kafin ya rubuta nasa Muhtasar. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya ci albarkacin ɗan Isna, ko ya sani ko bai sani ba. Jamaluddin Isnawi, babban malamin Shafi'iyya da ya rasu a 1370, shi ma sunan garin yake ɗauke da shi. Idfu ma ba shaho da dutse kaɗai ta haifa ba. Ɗanta Udfuwi, wanda ya rasu a 1347, ya tara tarihin malaman kudancin Masar a littafi guda.

Na tambayi ɗan jagoranmu game da Ibn Hajib muna tsaye a bene. Ya san shi sarai, ya ma yi murna da tambayar. Ya ce mini dai ba a cikin abin da baƙi ke biya don su ji yake ba. Ban ga laifinsa ba. Mutum ne mai ilmi da ke karanta littafin da wani ya rubuta.

Kada kuwa a ɗauka cewa makanta ta Turawa ce kaɗai. Ibn Baɗɗuɗa, wanda mu muka fi sani saboda zuwansa Takedda da ambatonsa Gobir, ya bi wannan hanya a 1326 da niyyar aikin hajji. Ya ratsa Ƙus da Luksor da Isna da Idfu, daga nan ya haye kogi ya shiga hamada zuwa tashar Aizab a bakin Bahar Maliya, inda yaƙi ya tilasta masa juyowa. Da ya zo Luksor, abin da ya ambata shi ne ƙaramin gari mai kyau da kabarin waliyyi Abul Hajjaj. Manyan ginshiƙan da kabarin ke zaune a tsakiyarsu, bai ce komai a kansu ba. Shi alƙalai da waliyyai da zawiyoyi ya fito nema, su kuma ya gani. Shekara 548 bayansa Edwards ta tsaya a wuri guda ta ga ginshiƙan, masallacin kuwa ya zame mata ɗaya daga cikin abubuwan da suka tare mata kallo. Matafiya biyu, kowane gwani, kowane ya ga rabin gari. Masallacin ya tsira daga rusau, kuma ƙofarsa ta da tana can sama a rataye, tana nuna inda ƙasar gari ta kai kafin a kwashe ta. A watan Sha'aban mutanen Luksor kan yi maulidin waliyyin suna zagaya gari da kwale-kwale a kan amalanke, abin da masana da yawa ke dangantawa da bikin da mutanen da ke yi na ɗaukar jirgin gunkinsu daga Karnak zuwa Luksor. In al'ada ake nema, ga ta nan da ranta. Amma abin da jirgi ke kira daren al'ada shi ne fasinjoji su sa rigunan da suka saya a Isna su yi rawa a ɗakin cin abinci.

6.0 Nubiya

Kusan kashi ɗaya cikin uku na littafin Edwards a ƙasar Nubiya yake, kudu da Aswan. Wannan ƙasa yanzu tana ƙarƙashin ruwa, saboda haka littafin ya sami wata daraja da marubuciyar ba ta nufa ba: ya zama shaidar ƙauyuka da gonakin dabino da babu mai sake ganinsu. Tsohuwar madatsar Aswan ta 1902, da ƙarin tsawon da aka yi mata a 1912 da 1933, sun fara cin ƙasar. Babbar madatsa, wadda aka gina daga 1960 zuwa 1970, ta gama da ita.

Labarin da ake ba baƙo a nan labarin ceto ne, kuma gaskiya ne. Bayan kiran da hukumar UNESCO ta yi a 1960, an yayyanka Abu Simbel an ɗaga shi kimanin mita 65 tsakanin 1964 da 1968. An kwashe Fila dutse-dutse aka sake gina ta a wani tsibiri, aka gama a 1980. Waɗansu ƙananan gidajen bauta an ba da su tukuici ga ƙasashen da suka taimaka, shi ya sa ake samun ɗaya a Madrid, ɗaya a New York. Aiki ne na ban mamaki, kuma wanda ya tsaya gaban Abu Simbel bai ji komai ba, to, da sauransa.

Sai dai a 1963 da 1964 an kwashe Nubiyawa wajen 50,000 a ɓangaren Masar, da kusan wannan adadi a ɓangaren Sudan. Na Sudan an kai su Khashm al-Girba, ɗaruruwan kilomita daga gida. Na Masar kuwa an zaunar da su gabas da Kom Ombo, nesa da kogin da rayuwarsu ta dogara a kai, a sababbin ƙauyuka masu ɗauke da sunayen waɗanda ruwa ya ci. Jirginmu ya tsaya a Kom Ombo kamar awa biyu. Muka ga gidan bauta mai ƙofa biyu, muka ga busassun kadoji a gidan ajiya, muka koma. Ba a ce mana ga su can bayan gonakin rake ba, balle a ambaci kasuwar raƙuma ta Daraw da ke kusa, inda ake kawo raƙuman Sudan. A Aswan akan sayar wa baƙo ziyarar ƙauyen Nubiyawa a matsayin ƙari, ya ga gidaje masu launi, ya sha shayi, ya ɗauki hoto da ɗan kada. Mutanen da sarakunansu suka mulki Masar kanta a ƙarni na 8 da na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, har Taharƙa ya bar ginshiƙinsa a farfajiyar Karnak, waɗanda kuma daularsu ta Kirista ta ƙulla yarjejeniya da Musulmin Masar a 652 wadda ta yi wajen shekara 600, su ne aka mayar abin nishaɗin la'asar. Gidan tarihin Nubiya da aka buɗe a Aswan a 1997 ya ba da wannan labari yadda ya kamata, amma ba ya cikin jerin wuraren da tikitinmu ya ƙunsa.

Wani zai ce, ai hutu mutane suka zo, ba jarrabawa ba, kuma kuɗin da suke kashewa shi ke riƙe da masu keken doki da masu kwale-kwale da dubban ma'aikatan jiragen. Wannan haka yake. Bayan juyin juya halin 2011, da kuma lokacin annobar 2020, jiragen sun yi ta zama a ɗaure a bakin gaɓa, kuma talakan Luksor ne ya ji a jikinsa. Ban zo in ce a daina tafiyar ba, ni ma na ji daɗinta. Zama a bene da hantsi ana wuce masunta da gonakin ayaba abu ne da ba ya mantuwa. Ƙorafina a kan suna ne. Abin da aka sayar da sunan tarihi da al'adun Masar, tarihin ya tsaya ne a ranar da aka rufe gidan bauta na Fila a ƙarni na 6, kuma kusan shekara 1,500 da suka biyo baya, waɗanda su suka yi mutanen da ke tuƙa jirgin, an bar su a gaɓa.

7.0 Abin Da Ya Shafe Mu

Dalilin da ya sa na kawo wannan magana gaban malamai shi ne, ɗaliban da muke horarwa su ne za su shirya wa yara ziyarar ilmi gobe, kuma mu ma muna da kogin da aka koya mana kallonsa daga cikin jirgin baƙo. Da na dawo, na tambayi ɗalibaina na shekara ta biyu abin da suka sani game da Busa. Kusan duk wanda ya ɗaga hannu abu ɗaya ya faɗa: nan ne Mungo Park ya mutu a 1806. Na sake tambaya, ina garin yake yanzu? Mutum biyu ne suka san cewa tsohuwar Busa tana ƙarƙashin tabkin Kainji tun 1968, kuma an tashi mutane sama da 40,000 daga gaɓar Kwara, daga ƙasar Borgu har zuwa Yawuri, a daidai shekarun da ake yanka duwatsun Abu Simbel. Ɗaya daga cikin biyun ya ce kakarsa na cikin waɗanda aka tasa. Sau biyu makaranta ta taɓa kai shi Kainji, sau biyun kuma injinan wuta aka nuna masa.